Yoyon Bayan Jirgin Yaya

Damanar da gulbi ya shanye hanyar Kurawa, yayana ne ke ƙetarar da mutane a jirginsa na katako mai inji a baya. Makarantar da nake koyarwa tana hutu, sai na riƙa zuwa ina kama masa igiya.

In jirgin na ɗaure a gaɓa, ko ɗigo ba ya yi. Amma da mun ɗauki kaya mun yi nisa, sai ruwa ya kwanta ƙarƙashin inji har ya jiƙa buhunan mutane. Mu kwashe da ƙoƙo, ya dawo.

Yaya ya ce da hannun mutum a ciki. Zarginsa ya faɗa kan mijin ƙanwarmu, wanda shi ma ke da jirgi a mashigin, kuma shi ya taya shi ɗaura injin. Yaya ya koma amsa gaisuwarsa a daƙile. Ni ma na fara lura da yadda mutumin ke bin bayan jirginmu da kallo in mun tashi.

Muka ja jirgin tudu, muka cusa auduga a duk mahaɗar katako, muka shafe da kwalta. Bai hana ba. Daga baya Yaya ya sa muka bar shi ya bushe ƙayau, ya barbaɗe bayan da toka, muka mayar da shi ruwa, muka loda buhunan gero, ya tada inji. Na durƙusa ina kallo. Can sai tokar ta fara yin baƙi daidai inda ƙarfen injin ya ciji katako. Tsaga ce siririya kamar gashi, ba ta buɗewa sai inji na girgiza.

Na ce masa ai girgiza ce ta yi aikinta.

"To wa ya matse shi haka tamau?" in ji shi. "Za ni so in sani."

Da surukin ya ji labari, ya zo ya duba, ya ce katakon ne ya tsufa. Washegari ya kawo nasa sabo, kyauta. Yaya ya yi godiya, ya juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa, har ya sunsuna. Sannan ya jingine shi a zaure, ya hau babur zuwa garin Isa neman wani katakon.

Da aka sa wanda ya sayo, yoyo ya tsaya. Da ƙanwarmu ta zo gida ta ga katakon a jingine, ta tambaye ni dalili. Na ce mata bai yi daidai da faɗin jirgin ba. Ta daɗe tana kallona.