Ƙaramar Ƙofa

Ranar nan mu biyar ne a falon flat ɗinmu na unguwar Catford, a ƙasar Turawa: ni, da Sani, da matarsa Bilki, da jaririyarsu, sai Laraba 'yar Jos, nas ce, maƙwabciyarmu ta sama. Sani ɗana na uku ne, shi ya sa kuka ji sunansa a bakina. Lokacin mace ke mulkin ƙasar, ni kuma na zo wankan jego. An yi magariba, sanyi ya taru da mu a gindin heater.

Likita ya ji wani ɗan sauti a zuciyar yarinyar. Asibitin gwamnati kyauta ne, amma layin ganin babban likita dogo ne. Kamfanin da Sani ke yi wa aiki a Aldwych yana da inshorar lafiya, sau ɗaya a shekara ake shiga. Sai dai in mutum ya yi aure, ko an yi masa haihuwa, ana ba shi 'yan makonni ya shigar da nasa ba tare da an tona ciwo ba. In ya bari lokacin ya wuce, ciwon da aka riga aka gani ba za su ɗauka ba.

Laraba ta ce, "Kai Sani, ka yi adding ɗinta kuwa?"

Ya ce, "Zan yi."

Bilki ta ce, "Anti, a office ko sanin an haihu ba su yi ba. Cewa ya yi baƙi ya yi a gida."

Laraba ta tafa hannu. "Baƙi? To baƙuwar nan dai ba ta da ranar tafiya!"

Na san abin da ke damunsa. 'Yar fari ce. A gidanmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, balle ya tsaya gaban mutane ya ce nawa ne. Kuma ba na yi wa magidanci faɗa gaban maƙwabciya. Sai na karɓi jaririyar, na ce da ita, "Ke, buɗe kunne, ga wata ta zo wucewa."

Tatsuniyar kakata Iya Dije ce. A bakin murhu take yi mana ita, tana gasa gyaɗa a toka, wanda ya yi gyangyaɗi kuma ba shi da rabo. Wai akwai wani birni da ba a karɓar sabon mazauni sai bayan kaka. Amma a jikin ganuwa akwai ƙaramar ƙofa, ta amarya da jariri da wanda gobara ta kora. Wani mutum aka yi masa haihuwar fari a ƙauyen surukansa, ya zo da mai jego bakin ƙofar. Mai gadi ya ce, "Ɗan wa?" Mutumin ya dubi ƙasa ya ce, "Na mutanen gidanmu ne." Aka sake tambaya, ya dubi sama. Nan Iya Dije kan buga ludayi a ƙasa ta ce, "Ƙofa ba ta san kara ba, 'ya'yan nan! Garam, aka rufe." Uwa da ɗa suka ci damina a bukka, ɗan ya tashi da tarin da bai rabu da shi ba.

Muna yara mai gadin muke zagi. Sai da na ga yarinyar nan tana numfashi a cinyata na gane mai gadin bai yi mugunta ba, tambayar ma sau biyu ya yi. Kunya ado ce, ni ma da ita na tsufa. Amma ba a kan jaririyar da ba ta san ana yi ba za a sauke nauyinta.

Ba wanda ya yi dariya. Sani ya ce, "Inna, ai na ji."

Na ce, "Da ita nake."

Washegari na riga shi shiri. Na ɗora kwat a kan mayafi, na bi shi har cikin bas, yana ta "Inna, ki koma, ana sanyi." A Aldwych na zauna a kujerar baƙi, ina kallonsa gaban wata Baturiya mai tabarau, mai rajistar inshorar. Ba na jin Turanci, sunan jaririyar kawai nake jira. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya gyara wuyan riga, sannan na ji ya ce, "Hauwa'u."

Na kau da kaina wajen taga, don kada ya ga na ji.