Ƙarfin da Bawa Tela Ya Nema a Makare

Duk wanda ya san kasuwar Sabon Birni ya san rumfar Bawa Tela, can layin masu yadi. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, in ya sa babbar riga sai ka ce a sanda aka rataye ta. A Kurawa aka haife shi, gidan manoma, amma tun yana yaro ƙirjinsa ba ya ɗaukar aikin gona. Da ya ɗan duƙa noma sai numfashi ya sarƙe. Mahaifinsa ya gaji, ya kawo shi gari wurin wani tela, ya ce tunda hauya ta gagara a gwada allura. Allura kuwa ta karɓe shi. Ya yi sama da shekara talatin a kan keken ɗinki, kuma abu mafi nauyi da yake ɗauka shi ne dutsen guga.

Matarsa Saude 'yar Alkalawa ce, gajera kakkaura, ga fara'a ga zafin nama. Ita ke daka, ita ke faskare, ita ke jido ruwa daga famfon unguwa, ta kuma dama furar sayarwa. In aka kawo buhun gero daga ƙauye, kafin Bawa ya gama neman wanda zai kama masa, ta riga ta ja shi zuwa ɗaki. Abokansa na kasuwa sukan ce ƙarfin gidan Bawa zane yake ɗaurawa, shi ma ya yi ta dariya tare da su. Ɗiya ɗaya Allah ya raya musu, Hafiza, tana aure a garin Isa.

Saude ta daɗe tana kukan ciwon kai. In ta faɗa, sai Bawa ya sayo mata ƙwaya a kyamis, ta haɗiya ta koma bakin turmi. Wata safiya tana cikin sussuka taɓarya ta suɓuce mata, ta bi ta ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama. Aka sallamo su da magunguna, bakinta ya karkace, hannu da ƙafa ba sa amsa kira.

Hafiza ta zo ta yi jinya na wani lokaci, amma ga goyo, ga gidan miji, ga hanyar Isa da ba a shigarta sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Dole ta koma. Aka bar jinyar a hannun Bawa da maƙwabciyarsu Maimunat, wadda takan shigo safe da yamma da wata mata su kama Saude zuwa makewayi, su yi mata wanka.

Ran nan matan unguwa duk suka tafi suna. Wajen azahar Saude ta kira shi da muryar nan tata da ta koma ciki.

"Malam, kama ni in kewaya."

Ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarta ya ja. Ya ɗago ta kaɗan, ya yi taku ɗaya, sai gaba ɗayansu suka zube a ƙofar ɗaki. Goshinta ya daki dokin ƙofa. Abin da take gudu kuma ya faru a nan inda take kwance. Bawa ya yi iya yinsa ya mayar da ita kan katifa ya kasa, sai zane ya lulluɓa mata, ya zauna kusa da ita a ƙasa har matan suka dawo. Ta juya fuska ga bango, abin da ta ce kawai shi ne, "Bari, Malam. Ba laihinka ba na." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya nufi wurin Wada mai buga bulo, domin ya sha ganin samari a bayan filinsa suna ɗaga gwangwanayen siminti da aka soka wa bututun ƙarfe.

"Wada, irin abin can nika so ka yi min."

Wada ya dube shi daga hula zuwa takalmi. "Malam Bawa, kai da kanka? Ko dambe za ka shiga da tsuhwa?"

"Iyalina nika so in iya ɗauka."

Wada ya daina dariya. Ya zuba masa siminti a manyan gwangwanayen tumatir, da suka bushe ya kai masa har gida a baro, ya ƙi karɓar komai.

Bawa bai tambayi kowa yadda ake yi ba. Ya tuɓe riga a tsakar gida, ya duƙa kamar yadda ya ga samari na yi, ya fizgi ƙarfen da iya ƙarfinsa. Wani abu ya ce ƙas a bayansa. Da rarrafe ya shiga ɗaki. Haka gidan ya koma majinyata biyu, ɗaya a katifa ɗaya a tabarma, Maimunat na shafa wa wannan man zafi ta hannun mijinta, tana ba waccan koko a baki. "Mun samu ƙarin aiki," in ji ta, ba ta ko ɓoye ba.

Akwai wani nas, Usmanu, da yakan biyo ya auna jinin Saude. Da ya ji labari ya ga gwangwanayen, sai ya girgiza kai.

"Baba, wanga ba na mai hwarawa ba na. Jikin da bai taɓa aiki ba, lallaɓa shi aka yi. In bayan ya saki, ka zauna bisa turmi ka tashi, ka zauna ka tashi, ba tare da dahwa komi ba. Ka tura bango da hannuwa. Sannan ka samu jarka ka zuba ruwa kaɗan, ka riƙa ɗauka kana zagaya gida. Gwiwa za ka lanƙwasa, ba baya ba. Kada ka riƙe numhwashi, ka san ƙirjinka. In ka yi yau, gobe ka huta. Kuma ka ci abinci, wake da nono, ba shayi da burodi kullum ba."

Haka ya fara, yana da shekara hamsin da wani abu. Bayan ya dawo masallaci da safe sai ya kifa turmi ya yi ta zama yana tashi, cinyoyinsa na zafi kamar an zuba barkono. Ya sa aka juya katifar Saude ta fuskanci ƙofa, tana kallonsa. Farkon dariyar da ta yi tun da ta kwanta, ranar da ya tura bango ne takalminsa ya zame ya rungumi bangon. Dariyar ta fito a karkace, har da hawaye. Daga nan ta zama mai sa ido: in ya yi ha'inci bai sauka sosai ba, sai ta buga ƙoƙo da hannunta mai lafiya.

A hankali ya riƙa ƙara ruwa a jarkar. Ranar da ya cika ta fal ya ɗauko daga famfo zuwa gida, sau da dama yana ajiyewa a hanya, yatsunsa suka yi fari. Ya shigo yana haki, ya zauna a bakin ƙofarta.

"Saude, wagga jarka, haka nauyinta yake tun da?"

"Biyu nika ɗaukowa," ta ce.

"Ba ki taɓa cewa komi ba."

"Kai ma ba ka tambaya ba, Malam."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har murmushi ta yi. Amma ranar ko da ya je rumfa, ɗinki ya yi ta karkacewa yana farkewa.

A cikin kwanakin nan ne ta tayar da maganar Alkalawa. Tana da yaya a can, Sa'adiyya, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu ta tsufa idanu sun tafi. Tun Saude na da lafiya take roƙon ya kai ta, shi kuma kullum da uzurinsa: ɗinkin Sallah ya taru, ko damina ta ɓata hanya, daga baya kuma tsoron daji. Yanzu ta ce ba ta son komai sai ta ji hannun yayarta a fuskarta.

Hafiza ta goyi bayanta ta waya. "Baba, a kai ta yanzu tunda hanya ta ɗan lahwa. A ɗauki shatar mota, su Inna Maimunat su kama ta."

"Ba wanda za shi ciccibi uwarki gaban jama'a kamar buhu," in ji Bawa. "Ni za ni ɗauke ta da hannuna in sa ta mota, in sauke ta ƙohwar gidansu. Saura kaɗan."

Da gaske yake, kuma kowa ya ga yana ƙoƙari. Ya koma kan gwangwanayen Wada, wannan karon da dabara. Kafaɗunsa suka buɗe, ranƙwafawar ta ragu, tarin da yake yi da safe ya yi sauƙi. Wajen ƙarshen damina ya durƙusa gaban katifa, ya ce ta saƙalo wuyansa da hannun hagu, ya yi bisimilla ya miƙe da ita. Bai yi tangaɗi ba. Ya fito da ita tsakar gida ya zaunar a inuwar darbejiya, ta ɗaga kai tana kallon sama kamar baƙuwa. Ya yi murna ƙwarai, sai dai hannuwansa sun gaya masa abin da bai so ji ba: ƙasusuwan bayanta duk a waje suke. Ba shi kaɗai ya yi ƙarfi ba, ita ma ta zube.

Duk da haka watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a jinyar. Ya sallami Maimunat da godiya. Shi ke kai ta makewayi, shi ke mata wanka, ya koyi dama kunu ba gudaji. Da yamma ya fito da ita ta ga awaki na dawowa. Maganar Alkalawa kuwa, ya yi magana da wani direba, sai ya ce a bari ta ɗan ƙara jiki kada yayarta ta taɓa ta ta ji ƙashi. Da aka yi girbi ya ce bari ya sallami masu ɗinkin biki da ya karɓa. Ita ba ta ƙara matsa masa ba.

Wata ranar Talata da hantsi yana rumfa, mijin Maimunat ya zo da gudu. Ciwon ya sake bugun ta. Bawa ya ɗauke ta shi kaɗai daga ɗaki har bakin titi inda mota take, bai tsaya ya huta ba, amma kafin la'asar Saude ta cika a asibiti ba tare da ta farfaɗo ba.

Ranar addu'ar uku sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani jikan Sa'adiyya ne ya goyo ta tun daga Alkalawa, an ɗaure ta da mayafi a bayansa don kada ta faɗo. Ko awa biyu ba su yi a hanya ba. Aka riƙo hannunta har zaure, ta laluba ta zauna, ta yi wa Bawa gaisuwa.

"An ce min kuna nan tahe, Bawa. Kullum nika sa a share ɗaki. Da na san ba ku zuwa, da ni na taho tun tuni."

 Bawa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba da lada.

Yana nan har yau a layin masu yadi. Hafiza ta yi ta roƙon ya koma Isa kusa da ita, yana cewa zai duba. Bai daina ɗaga gwangwanayen ba, don in ya kwana biyu bai yi ba bayan ke riƙewa. Mutanen kasuwa sukan ce Malam Bawa ya koma saurayi, shi kuma sai ya ƙara taka keke. Tsofaffin rigunansa duk sun matse shi a kafaɗa, har wata ta yage a hammata. Ya auna kansa ya yanka sabon yadi tun bara. Yana nan a ninke a ƙarƙashin tebur, bai ɗinka ba tukuna.