Dutsen da Muka Yi wa Shiru

Ranar Litinin ƙanwata Saraya ta kira ni daga gida, ina cikin mota a titin Wendover a nan Amurka, motoci sun tsaya cak kamar masu jiran tashin ƙiyama. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, masu fasa dutse sun iso katangar bayan gidan Kaka. Taku goma sha biyu ne tsakanin raminsu da kabarinta, da ƙafata na auna." Ta ce ran Asabar za a zauna da injiniyan kamfanin a ƙofar mai unguwa, kuma dangi sun ce ni zan yi magana ta waya, in hana a taɓa gidan. "Kai ne mai baki. In kuma suka ji daga Amurka ne, za su ɗan ji tsoro."

Zancen baki kam ba ta yi ƙarya ba. Ni Ishaya, in na yi dariya a nan unguwar Sedgefield sai dawakan can ƙauyen Summerfield sun ɗaga kai. A siton da nake aiki, ran da lasifika ta lalace ni aka sa ina kiran mutane, har wasu suka ce kada a gyara ta. Fasto ya taɓa roƙona in riƙa cewa amin a zuci, don jarirai. Sai dai Saraya ta manta inda aka yanke mana cibiya.

Unguwarmu sunanta Raɗa. Tana gindin wani dutse mai aman wuta, a can tuddan Filato, wanda ya daina aman tun kafin a haifi kakan kakanmu. Ja ne, kansa a lotse kamar tuwon da aka danna da gindin ƙwarya. Duwatsunsa duk huji-huji, ba nauyi, mata na goge kaushin ƙafa da su. Ƙasar gindinsa kuwa baƙa wuluk. In ka soka sandarka ka tsaya gaisuwa, kafin ka gama ta yi ganye. A wannan unguwa ba a daka in rana ta faɗa bayan dutsen. Ba a sara itace, ba a ƙwala wa yaro kira. Inuwarsa na taɓa rufin gidaje, muryar kowa sai ta sauka da kanta. Ƙararrawar cocinmu tsumma aka naɗa wa harshenta. Ladanin masallacin ƙasan layi shi ma da magariba yakan ja kiran a hankali kamar mai lallashin jariri. Na ga mata biyu sun yi faɗa na awa guda, zagi har kaka da kakanni, duk a raɗa, makusancinsu bai san ana yi ba.

Kaka Talatu ce ta gaya mana dalili. Sanyin can ba ya jiran hunturu, ko da damina haƙoranka gaisawa suke yi. Da an gama tuwon acca sai ta jawo kaskon garwashi tsakiyar ɗakinta, ta binne gwaza a toka, mu zagaye ta muna miƙa tafin hannu. Hayaƙi ya riga ya mai da jinkar ɗakin baƙa mai sheƙi. Ita tana kan tabarma, ƙafafu a miƙe, zani biyu a kafaɗa, wuta na wasa a kumatunta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake yi a wasu gidaje. Takan sa yatsa a leɓe ta ce, "Ga ta nan tafe a kan yatsun ƙafa."

Mu kuma mu ce, "Ta shigo, kada ta yi tari."

Ni ne kullum nake ɓata amsar, don tawa raɗar ana jin ta a bakin rijiya. Sai ta harare ni. "Maigidana Ƙararrawa, in ka tashe shi, kai zan fara miƙa masa. Ga ka da maiƙo, za ka yi daɗin gashi."

Ta ce a da can dutsen nan ƙato ne mai girki. Tukunyarsa a kansa take, abin da yake dafawa kuma wuta ce tsagwaronta. In ta tafasa ta yi ambaliya, sai ta gangaro ta cinye gona da daji, har tsuntsu ba ya gilmawa ta samansa. Ana nan sai ga wata mata da goyo, an kore ta daga inda take, ta nemi wurin zama ko'ina an hana ta. Ta iso gindin ƙaton, ƙafa ta kumbura, ɗan na ta tsala kuka. Ba ta roƙi ƙaton komai ba. Ta zauna ta kwance goyon, ta shiga yi masa waƙar barci can ƙasa-ƙasa. Ƙaton bai taɓa jin abu mai taushi haka ba. Ya rage wuta don ya ji sosai. Ya ƙara ragewa. Sai ga hamma, hammar da ta kai kwana uku, in ji Kaka, ko da yake wani daren takan ce bakwai.

A nan takan kumbura kumatu ta yi muryar ƙaton, amma a raɗa, abin da ke sa mu dariya har mu toshe baki. "Ke mai goyo, zauna nan. Tokata takinki ce. Amma ki gaya wa 'ya'yanki, girkina ban gama ba, saukewa kawai na yi. Ran da aka tashe ni, zan ɗora."

Daga nan tatsuniyar takan zama lissafin masu zuwa, kuma shi ne wurin da ta fi so. Bayan mai goyo sai maƙeri, aka ce masa ya yi ƙira da hantsi kawai. Sai masu dankali. Sai leburorin haƙar kuza da suka rasa masauki a cikin gari, kowa da yarensa, Hausa ta haɗa su. Duk wanda ya zo da kayansa a ka, tambaya ɗaya ake masa: ka iya shiru? In ya ce e, a nuna masa fili. Aka yi 'yar kasuwa, aka yi coci da masallaci, aka kawo famfo guda. A zamanin ƙuruciyarta, in ji ta, daga Raɗa zuwa gari tafiya ce ta ɗaukar guzuri. A zamanin tawa ƙuruciyar gari ya riga ya miƙo hannu biyu ya rungume mu ta gabas da yamma, har ya zagaya bayan dutsen. Muka wayi gari a tsakiyar birni ba tare da mun taka ko'ina ba. Sai ta tono gwazar, ta ɓare mana, ta ce, "Na rufe ta da faifai. Kowa ya tauna a hankali."

Wani dare na tambaye ta, "Kaka, in wani baƙo ya zo ya mintsine shi fa?"

"Wanda ya mintsine shi zai ga abin da ya nema."

"Mu fa, ba za mu hana shi ba?"

"Da wane bakin? Hani ai da ihu ake yi. Ƙato ne, ya fi ƙarfin a tare masa faɗa. Mu namu shiru."

Ina aji uku a sakandare aka fara mintsinin. Tifa ɗaya ce ta zo ta bayan dutsen ta ɗebi jar tsakuwa, wai tana da kyau wajen shimfiɗa titi. Muka hau katanga muna jiran wuta. Ni har sallama na yi wa direban a zuciyata. Tifar ta tafi lafiya, washegari ta dawo da ƙawayenta. Daga baya aka kawo katafila, aka kawo nakiya. Ran da aka fara tashin nakiyar kwanukan Kaka suka zubo daga kantar da take jera su, ta zauna tana kallon dutsen ta taga har yamma. Da inuwa ta sauko, ɗan maƙwabta ya fasa kuka, ta leƙa ta ce a rarrashe shi, kada ya tashi mai barci. Ta rasu bayan shekara biyu, aka binne ta a bayan ɗakinta kamar yadda ta roƙa. Da tsakuwar nan aka yi titunan birnin, aka cike fadamu aka dasa benaye, aka yi tashar mota a inda kasuwar dankali take. Ni ma a kan jikin ƙaton motar da ta kai ni filin jirgi ta bi.

To, wannan makon na shirya. Daga Litinin zuwa Juma'a ina zuwa aiki ina zabga jawabi a mota, gilashi a rufe. Na yi da Hausa, na yi da Turanci, na yi da wani yare da ni kaina ban san shi ba. Wata Baturiya a motar gefe ta ga yadda nake dukan sitiyari ta canja layi. A gida matata Rifkatu ta ce, "Baban Hannatu, in ka gama da injiniyan ka taimaka ka kira masu inshora, su ma suna buƙatar wannan muryar." 'Yarmu Hannatu ta tambaye ni da Turanci ko da wa nake faɗa. Na ce da masu cin dutse. Ta ce ba a cin dutse. Na ce ki je ki gani.

Ran Asabar da tsakar rana a nan, can yamma ta yi. Na sa babbar riga, na zauna a teburin cin abinci, takarduna uku a gabana. Saraya ta kira ta bidiyo. Ga dangi a kan benci, ga mai unguwa, ga injiniyan, wani saurayi mai farar hular kwano da bai kai ƙanena na uku ba, yana duba agogo. Saraya ta ɗaga wayar ta ce, "Ga yayanmu na Amurka zai yi magana." Garin ɗagawa sai ta haska mini bayansu.

Rabona da ganin dutsen shekara goma sha tara. Rabi ya tafi. An yanke shi daga sama har ƙasa kamar burodi, cikinsa ja a buɗe, tukunyar kansa saura gefe ɗaya. Na duba cikin da kyau, ba wuta, ba hayaƙi, tsakuwa ce kawai. Rana kuma tana sauka ta bayan guntun da ya rage, inuwarsa ta rarrafo ta hau benci, ta hau kafaɗar mai unguwa. Na ga dangina duk sun sunkuyar da kai a lokaci guda.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe shi da niyyar fasa wayar. Abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, barka da yamma."

Injiniyan ya matso. "Ba na jin ka, Oga. Ɗaga murya."

"Cewa na yi, don Allah, wajen kabarin nan, a riƙa yi a hankali."

"Me ya ce?"

Mai unguwa ya fassara masa, shi ma a raɗa. Injiniyan ya yi murmushin jin daɗi, ya ce ai wannan ba matsala, su ma suna da iyaye, za su ba da mako biyu a kwashe abin da za a kwashe, har mota za su bayar kyauta. Dangi suka yi godiya. Ni ma na ji bakina yana godiya. Rifkatu, da ke tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta juya ta koma kan girkinta.

Bayan an watse na ce wa Saraya layin ne ba kyau. Ta ce, "Yaya, layi lafiyarsa ƙalau. Har numfashinka ina ji."

Na daɗe ina ɗauka Kaka wuta take kare mu daga gare ta. Yanzu da furfura ta fara yi mini sallama, ina ganin ko ita ba ta yarda da wutar can-can ba. Mutanen da suka taru a gindin dutsen nan korarru ne, ba mai takardar fili ko ɗaya. Irinsu in suna son su kwana inda suka yini, sai su zauna yadda manya ba za su tuna da su ba. Wataƙila abin da take koya mana ke nan, ta sa masa rigar ƙato don yara su riƙe. Ya kuma yi aiki, ya raini zuriya huɗu. Abin da ba ta hango ba shi ne ranar da manyan za su zo neman ƙasar da ke ƙarƙashinmu, su tarar da mutanen da suka ƙware a abu ɗaya tak. Ba na jin haushinta. Da me za ta ba mu in ba shi ba? Ni dai na haye teku, na yi suna a jihar nan da surutu, amma duk surutun nawa a inda ba abin da zan rasa nake yin sa.

An tashi Kaka daga kabarinta ranar wata Alhamis, aka kai ta maƙabartar bayan gari. Saraya ta kama ɗaki a wata unguwa da ban taɓa jin sunanta ba. Jiya muna waya na ce mata bana kam zan zo, abin da nake faɗa kowace shekara.

Ta ce, "To, Allah ya kawo ka. Amma in ka shiga mota kada ka ce Raɗa, yaran motar yanzu ba su san ta ba. Ka ce Bakin Rami."

Na ce to, har na rubuta a bayan takardar jawabin. Ban tambaye ta wa zan tarar a can ba.