Bugun Ƙarshe a Gonar Ɗangiwa

A Sanyinna, in ka tambayi gidan Malam Abdulganiyyu sai a ɗan yi shiru ana tunani, amma ka ce Bahago, ko tsohuwa mai ƙuli-ƙuli za ta nuna maka. Shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, ba wanda ya riƙe wannan. Ƙwallo aka riƙe. Da ƙuruciya ya buga wa Tambuwal lamba sha ɗaya, ba ko takalmi, kuma tsofaffi na rantsuwa cewa in ya ɗauko ta daga gefe har mai sayar da rake yakan bar tirensa. Ni dai ban gani ba, kuma kun san tsofaffi da ƙarin gishiri.

Da gwiwa ta ƙi, sai ya koma horar da samarin garin. Fili kuwa babu. Gonar amininsa Ɗangiwa aka ba shi aro, da sharaɗi guda: daga an kwashe gero har zuwa ruwan shuka, fili na 'yan ƙwallo ne, amma ranar da ƙasa ta jiƙa ya koma gona. Kowace kaka sai su tumɓuke tushiyar kara, su share ƙaya, su kafa itatuwa biyu nan, biyu can. Haka suka yi ta yi har waɗanda ya fara koya wa suka kawo masa 'ya'yansu.

Bana idanunsa suka gaza. 'Yan wasa suka zame masa inuwoyi masu yawo cikin haske, sai ta sautin gudu yake gane wane ne wane. 'Yarsa Saudatu, malamar asibiti a Sakkwato, ta ce da damina zai dawo wurinta. Bai musa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya tsaya a wasa guda na sallama da 'yan Fakku, ran Asabar. Ya ƙosa ƙwarai. Ko gyangyaɗin azahar ya yi, sai ya ga filin ya miƙe har bakin gulbi, shi kuma yana gudu a kai da ƙafafun da ba su san ciwo ba.

Da asubahin Asabar aka kece da ruwa.

Ko bai gani ba, ƙamshin ƙasa ya gaya masa komai. Ya lallaba da sandarsa zuwa gonar. Samarinsa duk sun bi iyayensu shuka, kuma bai ji haushin kowa ba, baƙin ciki dai ya ji. Ɗangiwa na tsaye da sungumi, iyalinsa na riƙe da ƙwaryar iri.

"Malam, mu bar shukar sai gobe," in ji Ɗangiwa.

"Gobe laima ta tafi. Ka taɓa ganin an ci tuwon ƙwallo? Ku fara daga gabas."

Suna cikin sara sai ga babur. Na'iya ne, mai horar da 'yan Fakku, tsohon golan Kebbe, wanda suka shafe shekara arba'in suna tsokanar juna. Waya ta ƙi shiga, shi ya sa ya ratso laka da kansa don ya ce yaransa ma suna gona.

"To kai mi ya hana ka shuka?" in ji Malam.

"Na ce bari in zo in ga yadda makaho ke koyar da ƙwallo."

Rabon da wani ya yi masa irin wannan magana tun idon na gani. Kowa sai sannu, sai a riƙe masa hannu, har ya fara jin kamar an gama da shi. Ya laluba jakarsa ya fiddo ƙwallo.

"Masu shuka ba su iso yamma ba tukuna. Shiga gidanka, in ba tsoro ba."

Na'iya ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya tsakanin itatuwan, yana tafa hannu don a san inda yake. Malam ya cire takalmi. Ƙasar da sanyi, tana shiga tsakanin yatsunsa. Gabansa ba komai sai fari fat da wannan tafi, kamar daga wata shekara mai nisa yake zuwa. Masu sungumi suka dakata. Ya ja baya taku uku, ya zo ya ɗirka mata.

Ya ji tim, sannan shiru.

"Ta shiga?"

Na'iya na kwance cikin laka, ƙwallo a ƙirjinsa, yana nishi da ƙyar.

"Ta shiga ina? Ko idonka ya tafi, Bahago, ba ni barinka ka ci ni."

Malam ya yi dariya har hawaye suka zubo, kuma bai goge su ba. Ya miƙa hannu wajen muryar, ya tayar da abokinsa. Su biyu suka girgiza itatuwan suka cire, don masu shuka sun kusa isowa.