Shanun Yaya a Cikin Salula

Shekarar da mijin Yaya ya rasu, damina ta ƙi, sojoji kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba. An rufe iyaka, buhun dusa ya yi tsadar da in ka ji kuɗinsa sai ka yi salati. Yaya ita ce babbarmu, ita ta goye ni. Ta shiga takaba a gidansu na tsohon gari, ko zaure ba ta leƙawa. Abin da marigayi ya bar mata da marayunta shanu ne, ba wani abu ba. Makiyayinsu ya koro waɗanda suka rage daga wajen Aderbissinat, don can ko kara ya ƙare, aka zuba su a wani kango bayan gidana, a bakin gari, inda ake iya sayo musu ruwa da dusa.

Duk wanda ya shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya ce: "Ina labarin shanun?" Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ke kula da su, amsarsa kuma ba ta canzawa: "Lafiya lau, suna ta ci." In ta ce a nuna mata su ta salula, sai ya ce rezo, wato sabis na waya, ba kyau a can, ko ya ce an kai su shan ruwa. Ni kuwa ina gefe ina cika ina batsewa. Rezo ba kyau? A bayan gidana? Ni da nake gyara wa mutane ordinater, wato kwamfuta, a bakin kasuwa, ni da na ja intanet har cikin ɗakina tun unguwarmu ba wanda ya san amfaninsa?

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Kina zaune a kan tabarmar nan za ki riƙa ganin shanunki duk lokacin da kika so."

Ta ce, "Da gaske, Auta?" Tun ranar jana'iza ban ga fuskarta ta saki kamar haka ba.

Ina da wata tsohuwar kamara da na saya lokacin da wani biro, ofishin Turawa, ya rufe ya sayar da kayansa. Na ɗaure ta a kan katanga tana kallon kangon, na ja mata waya zuwa ruter ɗina, wato ɗan akwatin da ke raba intanet a cikin gida. Hoto ya fito tas a salulata. Na hau moto sai gidan Yaya, baki har kunne. Ina buɗewa a gabanta, baƙi ƙirin. Wani ɗan abu yana ta juyawa a tsakiya, ya gaji ya tsaya. Ta miƙo mini salular ta ce ba komai, wata rana.

Irin wannan tsohuwar kamara, in kana son ganinta daga waje, sai ka buɗe mata ƙofa a ruter, abin da mu masu sana'ar muke ce wa por. Na buɗe. Shiru. Na canza lamba, na kashe, na kunna, na sake ba kamarar adireshin da ba ya motsi. A gida tana aiki, da na taka waje ta mutu. In na kusa gano wani abu sai kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, in zauna cikin zufa ina zagin bango. Sai daga baya na lura adireshin da ruter ɗina yake samu ba na waje ba ne, na cikin gida ne. Ashe akwatin kamfani da ke manne a bango, wanda wayar ta fara shiga kafin ta iso wurina, shi ma ruter ne. Na buɗe ƙofar ɗaki, ƙofar zaure tana garƙame, mabuɗin kuma yana hannun kamfani.

Ana cikin haka Kawu ya same ni a kan tsani ina goge wa kamara ido. Ya ce, "Auta, ka bar wannan abu mana. Mai takaba ina ruwanta da sinima?" Raina ya ɓaci. Na ɗauka raini ne, yana ganin ba zan iya ba. Na ce, "Kawu, ku dai ku ji da dusa, ku bar mini nawa fannin." Ya dube ni kamar zai ƙara magana, sai ya kaɗa kai ya wuce.

Matata ma ta gwada. Tana zuba mini tuwo ta ce, "Wai ka leƙa kangon nan kuwa kwanan nan?" Na ce, "Na leƙa, kamara tana nan daram." Ta ajiye kwano da ƙarfi ta fita. Wallahi kullum ina kallon hoton kangon, amma abin da nake dubawa shi ne ko yana motsi ko ya daskare. Na ga shanun sun rame, to wa bai rame ba a shekarar?

Na yi ta zarya biron kamfani. Matar da ke karɓar mutane ta ce lambar sirrin akwatin ba a ba abokin ciniki. Na ce to su buɗe mini da kansu. Ta ce yadda ƙasa take yanzu, komai sai an tambayi Yamai. Na ɗaga murya, na yi faransancin da ban yi ba tun ina lakwal, makarantar boko, har mai gadi ya matso. A ƙarshe wani ma'aikacinsu ya gaji da ganin fuskata, ya biyo ni gida, ya shiga akwatin da ordinater ɗinsa yana kare lambar da tafin hannu, ya nuna ƙofofin da nake so zuwa ruter ɗina. Ya ce sai sun kammala daga can wurinsu, in jira.

Wata safiya ina shago na gwada, kamar yadda na saba. Hoto ya faɗo! Ga katanga, ga kwamin ruwa, ga wani abu yana motsi. Ban tsaya kallo ba. Ko shagon ban rufe ba na tayar da moto.

Na tarar da ɗakin Yaya cike da mata 'yan gaisuwa. Da ma haka nake so, a yi a gaban shaidu. Na yi sallama da ƙarfi, na durƙusa, na sa mata salula a hannu na ce, "Yaya, ga shanunki." Matan suka matso.

Hoton ya fito tas, bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Kangon da aka cika da shanu ya zama fili, 'yan kaɗan ne a tsaye jikin katanga, ƙasusuwa a waje. A kan katangar an shanya fatu. A tsakiya jar saniyar da marigayi ya fi so tana kwance, makiyayi yana jan wutsiyarta, wasu mutum biyu sun zura itace ƙarƙashin cikinta suna ƙoƙarin ɗaga ta. Ta miƙe rabi, ta sake zubewa. Sai ga Kawu ya shigo hoton, ya naɗe hannun riga, da wuƙa a hannunsa, don kada ta mutu mushe.

Ba wadda ta yi mamaki a ɗakin. Abin da ya kashe ni ke nan. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta ja mayafi ta rufe baki, wata tsohuwa ta zuba mini ido ta ce, "Kai, yaro!" Kowa ya sani. Dangi da maƙwabta duk sun haɗa baki a kan "lafiya lau" har ta fita takaba, ta samu ƙarfin ji. Ni kaɗai, da shanun ke bayan ɗakina, ban sani ba, kuma ni na yi faɗa da kamfani don in kawo mata. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Na miƙa hannu in karɓe salular, Yaya ta riƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta kalla har aka juyar da saniyar gabas, leɓenta yana motsi. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin daidai wuyan saniyar.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, ana iya jin muryarsu?"

Ana iya ji. Na buɗe wa sauti tasa ƙofar, alamar tana nan a ƙasan hoton, kusa da babban yatsanta.

Na ce, "A'a, Yaya. Wannan kamara ba ta da sauti."