Akwatuna Uku da Kaset ɗin Tsibiri

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Yau shekara uku ke nan da faruwar abin, kuma har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shi ba, domin bayana da ya sha kabu-kabu ma bai manta ba.

Ni mai gyaran rediyo ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara talatin da 'yan kai ina da rumfa a bakin kasuwar Maraɗi. Lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu na tsaya, ranar da ni da mushe malaminmu muka yarda cewa lissafi ba abincina ba ne. Amma kunne, wannan Allah ya ba ni. Kaset na fara juyawa zan gaya maka ko roba ce ta saki ko kan rediyon ne ya yi datti. Da salula ta zo ta kashe mana kasuwa, na tattara kwalayena na koma gida Jiratawa ina ban ruwan zogale, ba mai tambayata komai sai ko ƙarfe nawa.

Ina cikin wannan zama sai Alhaji ya aiko in zo. Alhaji ɗan marigayi aminina ne, babban ɗan kasuwa, gidansa a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Mahaifiyarsa Hajiya, Bagobira ce ta Tsibiri mai kaifin harshe, ciwon suga ya tafi da idonta. Alhaji ya ce mini abu ɗaya take ta ambato tun da ta daina gani: waƙar da wani mai gurmi na Tsibiri ya yi wa mijinta a tsakar gidansu, ranar da ya dawo daga Makka. So take ta sake jin ta. Shi kuma wani mai kawo kaya daga Dubai ya gaya masa akwai akwatunan da ke jawo kowace waƙa ta duniya daga intanet, su zuba ta cikin manyan bafal, wato sifiku, kamar mawaƙin na zaune a gabanka. Mutumin ya kawo guda uku, ya ba da kwana uku a zaɓi ɗaya, sauran za su wuce Yamai.

"Baba, kai ne kunnen Maraɗi," in ji Alhaji. "Ka zaɓar mini wanda ya fi. Sai mun zaɓa za mu shigo da Hajiya, ina so abin ya zo mata ba zato."

Kunnen Maraɗi! Shekara goma ba wanda ya kira ni haka. Nan take na ji wuyana ya ƙara tsawo.

Wani abu ya ɗan sosa mini zuciya a lokacin, na danne. Ni na ɗauki waƙar nan da hannuna, da rediyona, ranar walimar. Kaset ɗaya tak. Bayan rasuwar aminina zaren ya tsinke, Hajiya ta aiko mini in haɗa, na jefa shi a kwali na ce gobe. Goben nan ta shekara goma sha. In na tada maganar, an gane ban mayar ba, kuma alƙalancina ya ƙare tun bai fara ba. Sai na juya ga mai kayan, wani dogon mutum mai turare da yawa, na ce, "Malam, kowace waƙa ka ce? Har ta Tsibiri?"

"Baba, har ta Sin," in ji shi.

Na ce to, shi ke nan. A ilimina na aji huɗu, intanet rumbu ne da ke tara duk abin da baki ya taɓa rerawa, kamar yadda mala'iku ke rubuta ayyuka.

Akwatunan na jere a falon Alhaji, kan wani tebur na gilashi, tsakanin bafal biyu da suka kai ni tsawo. Na farko baƙi ne wuluk, ba allo, ba maɓalli sai ɗaya, da salula ake ba shi umarni. Na biyu fari mai sheƙi, yana da allo da ke nuna hoton mawaƙi da sunan waƙa. Na uku ƙarami ne kamar buredi, kuma shi kaɗai ba ya magana sai an haɗa masa wani akwatin da ke mayar da abin da ya jawo ya zama sauti. Wannan tun ranar farko na raina shi. Na ce wanda ba ya iya magana sai da tafinta bai isa sarauta ba.

Na fara da yadda muka saba. Na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, domin a zamaninmu rediyo mai nauyi shi ne na ƙwarai. Baƙin ya kusa ɓalla mini ƙugu. Na shinshina bayansu. Na nemi inda zan sa sukundireba in ga hanjin, mai kayan ya riƙe mini hannu.

"Baba, don Allah! Wanga ba a buɗe shi. Saurare ake."

Muka zauna saurare. Ya sa wata Baturiya mai rera waƙa a hankali kamar wadda aka hana abinci. Waƙar nan ɗaya, a baƙi, a fari, a ƙarami, a sake komawa baƙi. Ya ce in bar muryar, in saurari abin da ke bayanta. Na ce ba na jin komai. Ya tafa hannu.

"Yawwa! Shi ne abin da ake saye. Shiru, Baba. Ba huci, ba tsaki, ba ƙura. Wanda shirunsa ya fi zurfi shi ne sarki."

Wannan magana ta kama ni, domin shekara talatin na yi ina yaƙi da hucin kaset da auduga da ruwan alkol na goge datti. Ashe wasu sun gama yaƙin ban sani ba. Daga nan na zama malamin shiru. Ina rufe ido ina kaɗa kai, in ce shirun farin yana da ɗan gishiri, na baƙin kuwa kamar rijiya gaba dubu. Ban gaya wa kowa ba cewa kunnena na hagu ya yi ritaya tun kafin ni.

Rana ta biyu ta fi gajiyarwa. Na iso da hantsi duk gaɓoɓina na ciwo, muna zama aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan. Aka tada gurup, injin ba da wuta, sai mai kayan ya ce wutar gurup tana ɓata sauti, a jira. Kuran ya dawo, rezon intanet ya tafi. Baturiyar ta buɗe baki ta tsaya cak, wani ɗan zobe na ta juyawa a allon farin akwati, mu uku manyan mutane muna kallonsa kamar masu duban wata. Aka yi gardama ko a jawo waya ko a bar shi ya kama ta iska. Aka jawo waya. Da la'asar na yi dogon bayani a kan yadda baƙin ya fi cika ɗaki, Alhaji na ta gyaɗa kai, sai mai kayan ya yi tari ya ce ƙaramin ne ke aiki tun ɗazu. Na ce ai na sani, gwada su nake. Da na koma Jiratawa matata ta tambaye ni me muke yi a can har kwana biyu. Na ce shiru muke saurare. Ta ce da na zauna gida na yi shi, da ta gode.

Rana ta uku na yanke hukunci: baƙi, mai nauyi, mai shiru. Alhaji ya shiga ciki ya riƙo hannun Hajiya, ya zaunar da ita daidai tsakiyar bafal ɗin.

"Muryar wa nike ji, kamar ta mai rediyo?" in ji ta. "Kana nan da rai?"

"Ina nan, Hajiya. Yau za ki ji abin da Gobirawa ba su taɓa ji ba."

Ta faɗi sunan mai gurmin, mai kayan ya rubuta a salula. Babu. Ya sauya rubutun. Babu. Ya rubuta gurmi, ya rubuta Tsibiri, ya rubuta Gobir. Wasu suka fito, ana sa su ɗaya bayan ɗaya, Hajiya na cewa ba shi ba ne tun kafin su kai baiti. Aka gwada farin, aka gwada ƙaramin da na raina, wai ko shi ya san hanya. Duk rumbu ɗaya suke ɗiba. Mutumin da bai taɓa yin waƙa a gaban komai ba sai rediyona, wa zai kai shi can?

Alhaji ya sunkuyar da kai, zufa na keto masa duk da sanyin falon. Hajiya ta gyara mayafi.

"Kwana ukku kuna zaɓen ƙwarya, ashe ba wanda ya dama furar." Sai ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ita da ba ta gani. "Mai rediyo, ina kaset ɗina?"

Ashe ba ta manta ba. Kawaici ne kawai ta yi mini duk shekarun nan.

Washegari tun da safe na zazzage kwalaye bakwai a tsakar gida. Gara ta ci wasu, zafi ya lanƙwasa wasu. A na shida na same shi, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Na sayo janfarce a shago, mai shagon na kallona, na haɗa zaren da ɗigo ɗaya kamar yadda muka saba, na naɗe shi da bik, biron rubutu, a hankali ina addu'a. Aikin da na ɗage shekara goma sha bai ɗauki tsawon shan shayi ba. Na kakkaɓe tsohon rediyona, na sa batir, na sake hawa kabu-kabu.

A falon ba wurin ajiye shi, sai na ɗora shi bisa baƙin akwatin da na naɗa sarki. Na danna.

Huci ya fara fitowa kamar iskar damina. Gurmin ya shigo yana tangaɗi domin zaren ya miƙe. Ga guɗar mata, ga kukan akuya, ga wani na kiran a kawo tabarma. Can kusa da rediyon kuma wani mutum sai dariya yake, yana tari, yana katse mawaƙin: "Ƙara! Maimaita wanga!" Hajiya ta ɗora hannu biyu a gwiwa, ba ta motsi, leɓenta kawai ke bin waƙar. Alhaji ya juya ya fuskanci taga.

Yanzu da nake ban ruwan zogale ina tunani, na gane abin da ranar ta koya mini. Kafin ka tambayi wanne ya fi, ka fara tambayar wanda za a yi wa abin me yake nema. Kuma amanar da ka ce gobe, ba ta tsufa a zuciyar mai ita. Amma a lokacin ban gane ba tukuna. Kwana ukun nan sun lalata mini kunne, kunya kuma na neman inda za ta ɓuya, sai bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da ƙazantar. Yanzu akwai masu wanke sauti. In Alhaji ya kai musu, za su goge duk hayaniyar nan, musamman wancan mai tarin da ke hana a ji waƙa. Sai a zuba ta tsaf a baƙin akwati, ki ji ta cikin shiru."

Ta ɗaga hannu, ba ta ko juyo ba.

"Mai rediyo, waƙar na haddace ta tun kana da haƙora. Wanga mai tarin da kake son gogewa, shi na zo ji. Amininka ne. In shiru kake so, fara da bakinka."