Baba Gide da Ganyen da Ba a Tafasawa

Kafin ladan ya gama kiran asuba, Baba Gide ya riga ya hura garwashi a bakin tashar Ƙanƙara. Ya ɗora buta, ya tafi sahu, ya dawo ya tarar ruwa ya fara kuka. Sai ya ɗebi ganyen shayi a tafin hannu, ya murza, ya sansana, ya tauna kaɗan. In ganyen ya sha danshi, ko ya kwana kusa da sabulu a shago, nan take zai gane ya ture shi gefe. Na awo yake saye, wanda zai buɗe ya gani. Na 'yar jaka mai zare kuwa, cewa yake abin da aka ɓoye wa ido an ɓoye wa harshe.

Shekara talatin da takwas ke nan yana sayar da shayi. Yanzu gwiwa ta ce ya isa, ya naɗe teburinsa a ƙarshen watan jiya. Direbobin Sabuwa da na Faskari kowa na da nasa labarin a kansa, amma akwai guda da ya kamata a rubuta.

Malam Yahya manomi ne daga wajen Mabai. Da zaman ƙauye ya gagara, ya baro gonarsa ya kama ɗaki a cikin gari. Abin da ya rage masa na hulɗa da mutane shi ne bencin Baba Gide, inda ake tambayarsa ko bana ruwa zai yi wuri. Cokali huɗu na sukari yake sha. Sai likita ya ce yana da ciwon suga, ya daina.

Ya zo sau biyu ya sha baƙin shayi salam, yana yamutsa fuska. Salihu direba, da ba ya riƙe baki, ya ce, "Malam, yau shayin asibiti ake sha?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma bai sake zuwa ba. Wata biyu daga ɗaki sai masallaci, har maƙwabta suka ce magana ma ta fara yi masa wuya.

Ana cikin haka Alhaji Muttaka na Faskari, mai zuwa ƙasar Sin sayo kayan babur, ya dire wata leda a kan tebur.

"Baba, duba mani wanga abu. Abokin cinikina ya ba ni, wai ulong sunansa, wai ba takin zamani, ba feshi. Hajiya ta tafasa shi da citta da kanumfari, ya fito kamar maɗaci. Ko dai tsiya ya yi mani?"

Salihu ya leƙa. "Alhaji, ai kashin awaki aka ba ka!"

Gaskiya ya yi kama, don ganyen a dunƙule yake ƙanana-ƙanana. Baba Gide bai yi dariya ba. Ya sansana ya daɗe, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce, "Ganyen bai yi laifi ba. Mu ne muka sani duk abin da ake kira shayi sai an dafa shi kamar ganda. Bar mani shi."

Kwana uku yana gwadawa, bayan masu karin safe sun watse. Ya tafasa, ɗaci. Ya rage wuta, ɗaci ya ragu. A rana ta uku ya sauke butar ta huce kaɗan, sannan ya zuba a kan ganyen cikin wata 'yar butar tangaran, ya ƙirga numfashi kamar ashirin, ya tsiyaye. Ruwan ya fito kalar zuma. Ƙamshinsa kamar na tumu da aka gasa. Bayan an haɗiye kuma sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, alhali ko ƙwayar sukari babu. Ya sake zuba ruwa a kan ganyen nan, na biyu ya fi na farko.

Da la'asar ya ja gwiwarsa har ƙofar Malam Yahya. Bai ce ya zo duba shi ba, don ya san tausayi ne ya kore shi.

"Malam, wani ganye ya gagare ni. An ce bai sha taki ba, bai sha feshi ba. Ni mai shayi ne, mi na sani a kan gona? Ka zo gobe ka faɗa mani ko ƙarya ce."

Malam Yahya ya ce zai gani.

Washegari gwangwanin sukari da na madara suka ɓace daga tebur. Baba Gide ya jera ƙananan kofuna, ya ce yau zagayen farko na sabon ganyen ne, kowa haka zai sha ba sukari, wanda bai yarda ba ga hanya. Rana ta fara ɗagawa, yana ta satar kallon titi. Sai ga Malam Yahya, ya rame, ya zauna a ƙarshen benci.

Salihu ya kurɓa ya ce, "Baba, wannan ai ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa."

"Kai da ka saba haɗiye komai kamar tankin mota? Riƙe shi a baki, ɗan nan, ka yi shiru ko sau ɗaya a rayuwarka."

Malam Yahya ya kurɓa, ya rufe ido. Ya miƙa hannu ya ɗauko ganye ɗaya daga butar, wanda ya warware ya koma cikakke, har da jijiyoyinsa. Ya ɗaga shi sama.

"Kun ga nan? Bakin ƙwaro ne. Ban rantse ba, amma gonar da ake yi wa feshi, ƙwaro bai cika samun sukunin cin ganye haka ba." Ya sake kurɓa. "Wanda ya noma wanga ya san ƙasa. Ƙaro mani."

Daga nan ya shiga labarin gonarsa, da yadda Fulani ke kwana da shanu a cikinta da rani, da dawar da take bayarwa ba buhun taki ko ɗaya. Har motar Salihu ta cika ana yi masa oda, Salihu bai tashi ba. Tun ranar Malam Yahya bai sake fashi ba.

Baba Gide, kai ne ka san ba duk abu ke son wuta mai yawa ba. Ganye ma, mutum ma. Kai ne ka nemi taimako wurin wanda yake ganin ya zama kaya, har ya tuna yana da abin da ya sani. Mai harshen da ba ya gaggawa, sannu da aiki.

Ranar da ya naɗe tebur, ya miƙa wa Malam Yahya 'yar butar tangaran da sauran ganyen, Alhaji Muttaka kuma ya ce zai ƙaro. Yanzu majalisar ta koma ƙofar Malam Yahya, shi ke zubawa. Shekaranjiya Baba Gide ya zo da sandarsa, aka miƙa masa kofi kamar kowane baƙo. Ya kurɓa, ya riƙe, ya haɗiye.

"Ruwan ya yi zafi, Malam."

"To zo gobe ka gyara mani."

"In Allah ya kai mu."

Mun gode, Baba. Allah ya sauƙaƙa gwiwa, ya saka da alheri. Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi bencinsa ya ga wa ya daina zuwa, ya tashi ya je ƙofarsa.